Kurakuran Ɗaliban Digirin Digirgir a Binciken Hira da Lura

Yawancin masu shiga digirin digirgir a fannin kula da walwalar jama'a da tsara manufofinta sun taso ne a kan takardar tambayoyi: a raba, a tattara, a lissafa. Idan suka koma binciken da ake zama da mutane a saurari bakinsu, a lura da zamansu, sai su taho da tsohon hali. Kusan duk kuskuren da ke ƙasa daga nan ya samo tushe.

A babi na uku na kundin digiri, inda ake bayanin hanyar bincike, ake fara ganinsa. Ɗalibi ya ce zai yi hira mai zurfi da zawarawa ko 'yan gudun hijira, sannan ya ɗauko lissafin Taro Yamane na fitar da yawan mutanen da za a tambaya, ya fito da mutum wajen 400. Wannan lissafi na binciken ƙididdiga ne. Hirar awa ɗaya takan ci awa huɗu zuwa shida wajen mayar da ita rubutu, to yaushe za ka gama 400, balle ka nazarce su? A 2006 masu bincike Guest da Bunce da Johnson sun bi hirarraki 60 da aka yi da mata a Ghana da Najeriya, suka ga kusan duk manyan jigogi sun bayyana cikin 12 na farko. Sai dai kada 12 ɗin ta zama maka sabuwar doka, domin matan nan yanayinsu kusan ɗaya ne, tambayar kuma a taƙaice take. Idan naka mutanen sun haɗa da birni da ƙauye, tsofaffi da matasa, za ka buƙaci fiye da haka. Abin da masu jarrabawa ke nema shi ne dalilin da ya sa ka zaɓi waɗannan mutane, da alamar da ta nuna maka cewa sabon zance ya daina fitowa. Littafin Baba ta Karo da Mary Smith ta fitar a 1954 labarin mace ɗaya ne, kuma har yau masana na dogaro da shi wajen fahimtar rayuwar matan ƙasar Zazzau.

Sai ita kanta hirar, inda aiki ya fi lalacewa. Wani zai zauna da takarda a hannu yana karanto tambaya ta ɗaya, ta biyu, kamar ɗan sanda mai ɗaukar jawabi. Wani kuma ya sa wa mutum amsa a baki: "Baba, ai kina shan wahala tun rasuwar Malam, ko?" Me za ta ce in ba "Wallahi kuwa, ɗan nan" ba? Ka ce mata ta ba ka labarin jiya, tun daga sallar asuba har kwanciya. A nan za ka ji wa ya ɗebo ruwa, nawa aka kashe a cefane, wa ya aiko da abinci, wa ya daina aikowa. Idan ta yi shiru, ka bar ta, sau da yawa maganar da ta fi nauyi bayan shirun take zuwa. Kafin ka fita, gwada hira biyu ko uku, ka saurari muryarka a rikoda, ka ƙirga sau nawa ka katse mai magana.

Wanda ya shigar da kai wuri ma yana tasiri a kan abin da za ka ji. Dole ne a bi ta hannun mai unguwa ko shugaban sansani, amma idan shi ya zaɓo maka mutane, kuma ya shimfiɗa tabarmarsa kusa da ku, to ra'ayinsa kawai za ka tattara. Haka namiji ba zai samu abin kirki a gidan kulle ta bayan labule ba, gara ya horar da mace ta yi hirar. A sansanonin Maiduguri da makamantansu, duk baƙon da ya zo da biro da littafi ana ɗaukarsa mai rubuta sunayen tallafi. Ka faɗa tun farko, ka kuma maimaita, cewa ba ka raba komai.

Wannan ya kai mu ga neman yarda. Ƙa'idar Najeriya ta binciken lafiya da aka fitar a 2007 ta ɗora nauyi a kan fahimtar mutum, ba a kan sa hannu kaɗai ba. Takardar Turanci da dangwalen yatsa a ƙasanta ba yarda ba ce. A karanta da Hausa ko Kanuri ko Fulatanci, a nuna masa yana da damar tashi duk lokacin da ya so. Idan almajirai ne, izinin malaminsu bai wadatar ba, shi ma yaron a tambaye shi. Mai aikin walwala yana da ƙarin matsala guda: ya saba ba da shawara, sai hira ta koma nasiha. Ka riƙe bakinka lokacin hira, amma ka tanadi wurin da za ka tura wanda ka tarar cikin haɗari.

Kada ka fassara hirarraki zuwa Turanci kafin nazari. Yi nazarin a harshen da aka yi magana, ka fassara guntayen da za su shiga kundi kawai.

A babi na huɗu, abin da aka fi gani shi ne tambayoyin hira sun zama kanun jigogi, an jera maganganun mutane ƙarƙashinsu, shi ke nan. Wannan tara kaya ne, ba nazari ba. Matakai shida na nazarin jigogi da masana Braun da Clarke suka tsara a 2006 sun fara ne da karanta rubutun sau da yawa, kuma jigo a wurinsu wata ma'ana ce da ta ratsa maganganu, kamar yadda karɓar taimako ke rage wa mutum daraja a idon dangi. Manhajojin kwamfuta irin su NVivo da ATLAS.ti ajiya da tsari suke yi maka, ba sa tunani. Ka guji rubuta "kashi 70 cikin 100 sun ce" alhali mutum 20 ka zaɓa da hannunka. Kada kuma ka laƙaba wa aikinka sunan hanyar Glaser da Strauss ta 1967 idan sai da ka gama duk hirarraki kafin ka fara nazari, domin a tsarinsu nazarin hirar yau ne ke nuna wanda za ka nema gobe. Mutumin da maganarsa ta saɓa wa ta saura, kada ka ɓoye shi; ka ba shi wuri ka yi bayanin dalili.

Muryoyin da ka ɗauka amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe ka. Kada ka tura su ta WhatsApp ga mai buga rubutu a shagon kwamfuta. Ka kwashe su daga waya a ranar, ka kulle da lambar sirri. Canja suna kaɗai ba ya ɓoye mutum: idan ka rubuta "ungozoma mai shekara 60 a unguwa kaza", duk unguwar ta san ta. Ka cire sunan unguwar, ka rubuta shekarun a dunƙule.