Yadda Hanyar Kafa Turken Harsashi Ke Canza Ƙarfinsa a Cikin Yashi

Turakun harsashi (dogayen ginshiƙai da ake kafawa cikin ƙasa don su ɗauki nauyin gini) biyu masu tsawo ɗaya da kauri ɗaya, a yashi ɗaya, ɗayan na iya ɗaukar ninki biyu na nauyin ɗan'uwansa. Bambancin daga hanyar shigar da su ne, domin ƙarfin turke yana cikin yadda yashi ya matse jikinsa da abin da gindinsa ya taka.

Wanda aka buga da guduma yana ture yashi gefe, yana danƙara shi. Don haka a bar tazarar aƙalla ninki 3 na kaurin turke daga tsakiyar turke zuwa tsakiyar na kusa, a kuma fara daga tsakiyar rukuni a fito waje; in ba haka ba na ciki za su ƙi shiga. Yawan duka kuma ba alheri ba ne: kowane bugu yana rage riƙon yashi a sashen da tsini ya riga ya wuce. Shi ya sa turken da aka danna da jak yakan fi riƙo.

Idan an yi amfani da injin girgiza, a ƙarasa mitocin ƙarshe da guduma. Idan da feshin ruwa ake buɗe hanya, a kashe shi saura kamar mita 1.5, kada a sassauta wurin da gindi zai zauna. Bututu mai buɗaɗɗen baki kuwa, a riƙa auna yashin da ya hau cikinsa, don a san ya toshe ko yankan ƙasa kawai yake yi.

Turken da ake haƙa wa rami a zuba kankare ya fi buƙatar sa ido, domin haƙa tana sassauta yashi. A riƙe ruwan lakar bentonait, wanda ake cika ramin da shi don ya tare bangonsa, aƙalla mita 1.5 sama da matakin ruwan ƙasa. Da zarar ruwan lakar ya sauka, ruwan ƙasa zai kutso, bango ya zube, ƙasan rami ya yi laushi. A kwashe guntun yashin da ya kwanta kafin zubi, bututun zuba kankare kuma kada bakinsa ya fito daga cikin kankaren. Gindin irin wannan turke sai ya nutse sosai kafin ya riƙe, shi ya sa ba a dogara da shi kamar na bugawa.

Kada a yarda da ƙarfin ranar farko. Riƙon yashi yakan ƙaru da makonni da watanni, amma a yashi mai ƙananan ƙwayoyi, danƙararre, jiƙaƙƙe, taurin da aka gani wajen bugu na iya raguwa bayan ruwa ya daidaita. A sake buga wasu turaka bayan aƙalla awa 24, sannan a ɗora wa na gwaji ninki 1.5 zuwa 2 na nauyin aikinsa, ana auna nutsewarsa mataki-mataki.