Yadda Ake Kama Matsalar Wutar da ke Zuwa Tana Tafiya a Na'urar Ɗaga Ƙafar Injin Jirgin Ruwa

Ka danna makunni, ƙafar inji, wato ɓangaren da ke riƙe farfela a bayan jirgi, ta ɗaga lafiya. Bayan minti goma ka sake dannawa, shiru, ko ka ji "ƙas" sau ɗaya shi ke nan. Gobe kuma ta yi aiki kamar ba ita ba. A nan ne sabon hannu yake fara zubar da kuɗi: yau ya sayi solenoyid (abin da ke haɗa babbar wuta zuwa motar famfo idan an danna makunni), jibi makunni, daga ƙarshe ya sauke famfon haidirolik da ke ɗaga ƙafar gaba ɗaya, matsalar kuwa tana nan a kan wani noti da bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba. Kada ka sayi komai sai mitar awon lantarki ta nuna maka inda wutar take ɓacewa, kuma a daidai lokacin da take ɓacewar.

Kafin ka taɓa waya, buɗe ɗakin inji ka kunna fankar fitar da iska na aƙalla minti 4. Tururin fetur a ƙasa yake taruwa, aikin nan kuwa ba ya rasa tartsatsi. Kada kowa ya tsaya ko ya sa hannu a ƙarƙashin ƙafar.

Fara da kunne

Idan motar famfon tana kuka amma ƙafar ba ta motsi, wannan ba wuta ba ce. Duba man haidirolik, ka bar wayoyi su huta. Idan "ƙas" kake ji babu juyawa, makunni yana isar da saƙo, laifin yana ɓangaren babbar wuta: batir, manyan wayoyi, cikin solenoyid ko motar kanta. Idan babu ko ƙas, ƙananan wayoyin umarni za ka bi.

Sai ka lura da ɓangaren da ke ƙi. A tsarin injinan jirgi ƙirar MerCruiser shuɗiyar waya ta ɗagawa ce, koriya ta saukewa. Sama shuɗiya ce, ciyawa a ƙasa take, ba za ka manta ba. Kowane ɓangare da nasa solenoyid. Idan sama da ƙasa duka suna ɗaukewa tare, abin da suka haɗa a kai ne ya lalace, wato fis, wayar wuta, wayar at (baƙar wayar da ke komawa nagatif na batir) ko motar famfon. Idan ɓangare ɗaya ne, rabin aikin ya ragu.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Idan makunnin ɗagawa ya ƙi, danna maɓallin tirela, wanda ke ɗaga ƙafar har ƙarshe. In ta ɗaga da shi, famfo da solenoyid ɗin sama lafiyarsu ƙalau. Zargi ya koma kan makunnin iyaka da ke gefen zoben da ƙafar take juyawa a kai, domin maɓallin tirela tsallake shi yake yi. Wayoyin wannan makunni a cikin ruwa suke kwana, kuma duk juyin sitiyari sai sun lanƙwashe, shi ya sa robarsu ke tsagewa. Cire wayoyinsa biyu a inda suke haɗuwa cikin jirgi, ka haɗa su da guntuwar waya. In matsalar ta ɓace, ka kama shi. Amma kada ka bar haɗin nan ka shiga ruwa: makunnin iyakar ne yake hana ka ɗaga ƙafar fiye da kima inji na gudu, abin da ke cinye mahaɗan sandar da ke kai ƙarfi zuwa farfela.

Awo a ƙarƙashin nauyi

Wannan ne matakin da ke kayar da mutane, don haka a nan za mu daɗe. Mutum ya ɗora mita a kan solenoyid, ya ga bolt 12.6, ya ce wuta na zuwa. Mita kusan ba ta jan komai. Ko silin waya ɗaya ne ya rage a cikin roba, zai nuna maka 12.6 cif. Motar famfon kuwa gomman amfiya take ja, ai ba banza ba aka sa mata fis mai amfiya 110 a famfunan MerCruiser. Yi lissafin da kanka: tsatsar da ta kawo turjiyar om 0.1 kacal, idan amfiya 50 ta bi ta kai, bolt 5 ta tafi. Abin da ya rage ba zai juya mota ba. Saboda haka duk awon da aka yi ba a danne da makunni ba, ɓata lokaci ne. Nemi wanda zai zauna a kujerar tuƙi yana danna maka.

Fara da batir. Ɗora tsinkayen mita a kan sandunan dalma na batir ɗin kansu, ba a kan maƙalan waya ba. Cikakken batir yana hutawa a wajen 12.6. A danna. In ya zube ƙasa da 10.5, yi caji ko ka gwada da wani batir kafin ka ci gaba.

Yanzu mayar da mita ta auna abin da ke ɓacewa a hanya. Jan tsinke a sandar batir mai alamar tarawa, baƙin tsinke a babban notin solenoyid inda wuta ke shiga. A danna. Waya mai lafiya ƙasa da rabin bolt za ta nuna. In ka ga 2 ko 3, akwai inda ya toshe a tsakani. Riƙa matsar da baƙin tsinken mahaɗa bayan mahaɗa, daga sandar batir zuwa maƙalinta, zuwa makunnin batir, zuwa fis, har ka ga inda lambar ta yi tsalle. Mahaɗa guda bai kamata ta ci fiye da 0.2 ba.

Maimaita haka a ɓangaren at, baƙin tsinke a sandar nagatif, ja a inda baƙar wayar famfo take ɗaure. Ita aka fi mantawa, alhali ita ce ta fi zama a cikin danshi. Sannan ka auna tsakanin manyan notocin solenoyid guda biyu ana danne. Lafiyayye kusan sifili zai ba ka. Wanda cikinsa ya ƙone zai yi ƙas ɗinsa yadda ya saba, amma mita ta nuna bolt da yawa, wani lokaci duka 12 ɗin.

To idan ranar da ka zo da mita abin ya ƙi lalacewa fa? Tilasta masa. Maƙala tsinkayen da 'yan maƙalai domin hannunka ya samu sarari, a riƙa dannawa kaɗan-kaɗan, kai kuma kana girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya, kana jan kowace a gindin maƙalinta. A juya sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu. A tura hannun totur gaba da baya inji a kashe, domin siraran wayoyin makunni ta cikinsa suke bi, kuma a nan suke karyewa cikin roba, waje sumul. Bayan an ɗaga an sauke sau biyu, shafa mahaɗan da bayan yatsa. Wadda ta yi ɗumi ita ce mai cin wutar. In waya ta kumbura ko ta yi tauri kusa da bakinta, feɗe robar: za ka tarar da jan ƙarfen ya koma baƙi ko kore, wani lokaci tsawon taƙi guda. Kankare bakin ba ya maganin wannan. Yanke har sai ka kai inda ƙarfen ke ƙyalli.

Kada dai a yi ta danna famfon ba hutu. Wasu motocin suna da abin da ke yanke wuta in sun yi zafi, ya dawo da ita in sun huce, sai ka ɗauka sabuwar matsala ce.

Sauran

In babu ƙas, duba ƙaramin fis mai amfiya 20 da ke ba makunni wuta, musamman gidansa, wanda kan saki. Daga nan ɗauki guntuwar waya daga babbar wuta ka taɓa ƙaramin notin solenoyid mai shuɗiya ko koriyar waya. Ya yi aiki kowane karo? Laifin na tsakanin makunni da famfo ne. Idan ɓangare ɗaya ne ke ƙi, musanya solenoyid ɗin biyu ka ga ko matsalar za ta bi shi. Wasu famfunan, masu mota mai waya biyu, rile suke amfani da shi, wanda ke aiki irin na solenoyid, musanya su ma ya fi sauƙi.

Idan cikakkiyar wuta ta isa motar, at ma lafiya, amma ta yi shiru, ƙwanƙwasa jikinta da ƙotar sukudireba ana danne. In ta tashi, burushinta ne ya cinye ko ya maƙale.

Wajen gyara, cire nagatif na batir tukuna. Sa waya mai rufin kuza irin ta jirgin ruwa, da maƙalai masu robar da ke tsukewa da zafi. Ta fi wayar motar hawa tsada, amma wayar motar hawa ba ta jure gishiri. Solenoyid ma sai wanda aka yi domin jirgi, mai kulle tartsatsi a ciki, kuma ni a ganina in ɗaya ya ƙone a canza duka biyun. Goge kowace mahaɗa, ɗaure tam, sai giris ɗin lantarki a kai. Ka sake awon nan ana danne, ka rubuta lambobin a jikin murfin famfo.