Ngaundere, Garwa, Marwa: Kurakuran da Aka Fi Yi a Tafiyar Yini Guda

Yawancin tafiyar da ke ɓaci a babbar hanyar arewacin Kamaru tun a gida take ɓaci, wajen lissafi. Mutum ya ji an ce daga Ngaundere zuwa Garwa kusan kilomita 280 ne, ya san motarsa tana taka 100, sai ya yanke wa kansa awa uku. Daga nan sauran kurakuran ke tsirowa. Ya makara bai fita ba, ya ɗauki alƙawarin da ba zai cika ba, ya shiga gudu don ya cike giɓi, ƙarshenta magariba ta riske shi a daji.

Abin da allurar mota ke nunawa daban, abin da hanya ke bayarwa daban. Kowane gari sai ka sassauta: Mbe, Gamba, Guna, Ngong. Ga tudun rage gudu a bakin kasuwa da makaranta, ga shingen jandarmomi da 'yan sanda, ga peyaj, wato shingen biyan kuɗin hanya, ga ramuka, ga tirelolin da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, waɗanda sai ka daɗe a bayansu kafin ka sami wurin wucewa. In an haɗa duka, kilomita 50 zuwa 55 a awa shi ne lissafin da ba ya ba mutum kunya. Wato Ngaundere zuwa Garwa awa biyar zuwa biyar da rabi. Garwa zuwa Marwa, wajen kilomita 210, a ba shi awa huɗu. Hanyar kuma ba ta zama yadda ka bar ta, kowace damina tana sāke mata kama, don haka ka tambayi direban da ya bi ta cikin makon nan, kada ka dogara da wanda ya bi ta bara.

Daga magariba ake fara lissafi

Gyaran wannan kuskure shi ne a ƙirga lokaci ta baya. A yankin nan rana tana faɗuwa tsakanin shida saura kwata da shida da rabi, gwargwadon wata, kuma duhu ba ya jira. To ka sa wa kanka biyar da rabi a matsayin lokacin shiga gida, sannan ka ja baya.

Ɗauki Garwa zuwa Marwa da dawowa. Dole ka bar Marwa ƙarfe ɗaya da rabi. In ka fita Garwa ƙarfe shida na safe, ka isa goma, kana da awa uku da rabi na biyan buƙata. Wannan tafiya ce mai yiwuwa. Yanzu ɗauki Ngaundere zuwa Garwa da dawowa: fita shida, isa sha ɗaya da rabi, kuma dole ka juyo sha biyu. Rabin awa ke hannunka, ko gaisuwar ta'aziyya ba za ta ishe ka ba. Wanda ya ce zai je ya dawo a yini ɗaya, a gaskiya ya riga ya zaɓi tuƙin dare ne bai faɗa ba. Ya kwana a Garwa ya fi masa, ko ya haƙura ya mai da tafiyar ta zuwa kaɗai.

A duba ranar ma. Lahadi kasuwar Pitowa, da ke gaban Garwa a hanyar Marwa, ke ci, hanya takan cika da babura da dabbobi da masu talla, haka Ngong ranar kasuwarta. Ranar Juma'a kuwa kada a tsara shiga gari daidai lokacin masallaci.

Takardu

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, amma yana cin lokaci fiye da faci. Lasisin tuƙi, kart griz (takardar rajistar mota), asurans (inshora), bizit teknik (takardar duba lafiyar mota), da katin ɗan ƙasa na kowane babba da ke cikin motar. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tabbatar takardar tana nan ba a duba ranar ƙarewarta ba. A duba da yamma kafin ranar tafiya, a haɗa su jaka ɗaya. Akan tambayi alamar gargaɗi mai kusurwa uku, da tukunyar kashe wuta, da akwatin magani. Peyaj sefa 500 ne kowane shinge. Ka tanadi canji tun daga gida, ka karɓi tikitinka ka ajiye.

Taya

Zanen taya kaɗai mutane ke kallo. Tayar da aka sayo ta hannu tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robarta ta tsufa ta bushe. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da DOT. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara shida, ko ta fara tsattsagewa a gefe, ko ta yi ƙulu, ba ta kwaltar Garwa ba ce a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40.

Iska kuma da safe ake auna ta, kafin mota ta yi tafiya. Adadin yana rubuce a jikin ƙofar direba, yawancin ƙananan motoci tsakanin 2.2 da 2.5 a ma'aunin bar. Akwai wata al'ada mai haɗari da ta zama ruwan dare: a tsaya tsakar rana a rage wa taya iska wai don kada zafi ya fasa ta. Akasin haka ne ke faruwa. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasar ke haifar da zafi a cikinta, zafin ke raba roba da waya. In ka auna taya mai zafi ka ga iskar ta ɗan hau, haka ya kamata, ka bar ta. In kuma za ka ɗora buhunan doya a Mbe, ko albasa daga Marwa, ka ƙara wa tayoyin baya iska zuwa adadin cikakken lodi da aka rubuta a ƙofar.

Safaya a sauko da ita a auna ta, kallo ba ya wadatarwa. A gwada jak ya ɗaga motar, a gwada sifana a kan noti. Masu faci da ke ɗaure noti da injin iska sukan matse shi har ƙaramar sifana ta kasa kwancewa, shi ya sa ake riƙe guntun bututun ƙarfe na ƙara mata tsawo, da ɗan katako mai kauri da za a ɗora jak a kai in gefen hanya yashi ne ko laka.

Gangaren Ngaundere

Nan ne wurin da kuskure ba ya ba da damar gyara. Ngaundere tana bisa tudu, sama da mita 1,000, Garwa kuwa tana kwarin Binuwai, ƙasa da mita 300. Babban rabon wannan saukar yana wuri ɗaya ne, dutsen da direbobi ke kira falez, kafin a kai Mbe: gangara mai tsawo, kwana bayan kwana, dutse a gefe ɗaya, rami a ɗayan.

Kuskure na farko shi ne a sauko da babbar giya, ƙafa na kan birki tun daga sama. Birki yana tsai da mota ne ta hanyar mai da gudu zafi. In ba a ɗaga ƙafa ya huce ba, sai ya fara wari kamar ana ƙona roba, ka taka ka ji motar ba ta amsawa yadda ta saba. In zafin ya kai ga man birki ya tafasa, sai feda ta yi laushi ta nutse har ƙasa. Man birki yana shan danshin iska a hankali, wanda ya tsufa ya fi saurin tafasa, shi ya sa ake canja shi duk shekara biyu. Motoci da yawa a nan ƙari kawai ake yi musu, ba a taɓa zubar da tsohon ba.

Kuskure na biyu ya fi muni: a cire giya, ko a kashe injin, wai ana tsimin mai. Wanda ya cire giya ya bar wa birki aikin duka. Wanda ya kashe injin kuwa, bayan taku biyu ko uku birkin zai yi tauri, sitiyari ya yi nauyi. Man da za a tsimta bai kai kofi ba.

Yadda ake yi: tun kafin gangarar ta fara, ka sauko giya ta uku, in da lodi ta biyu. Mai otomatik ya sa 2 ko L. Injin zai yi ƙara, ba komai, aikinsa yake yi. Birki kuma a taka shi da ƙarfi na ɗan lokaci kafin kwana, a saki, ya sha iska. Kada ka manne wa tirela a baya, kada kuma ka bari mai lodi ta manne maka, in ka ga ta matso ka nemi wuri mai faɗi ka ba ta hanya. In ka ji warin birki, ka tsaya inda ake hango ka daga nesa, ka sa giya, ka tare taya da dutse, ka jira rabin awa. Kada a watsa wa faifan birki ruwa yana da zafi, yana iya karkacewa.

A dawowa matsalar ta koma kan injin. Kafin hawa ka kashe na'urar sanyi, ka riƙe ƙaramar giya, idonka na kan allurar zafi. In ta haura, ka tsaya. Murfin lagireto ba a buɗe shi sai injin ya huce, aƙalla rabin awa, da tsumma mai kauri, a hankali. Mutane da yawa sun ƙone fuska da hannu a nan saboda gaggawa. Kuma ba a ɗura ruwan sanyi cikin injin da ya tafasa, yana iya tsaga shi. Duk wannan ana kauce masa da duban minti goma a gida: ruwan lagireto, fambel, baƙin mai, da ko fanka tana tashi. A riƙe jarkar ruwa ta lita biyar ta mota, ban da na sha.

Mai

Motar da ke shan lita 9 a kilomita 100 tana buƙatar wajen lita 25 daga Ngaundere zuwa Garwa. A farashin sefa 840 da aka sa wa fetur a Fabrairun 2024, sefa 21,000 ke nan. Ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda hawa da lodi da na'urar sanyi. Mafi sauƙi, ka cika tanki a gidan mai na babban gari tun daren jiya, don gidan man ƙaramin gari yana iya kasancewa a buɗe amma babu mai.

In dole ta sa ka sayi zuwa-zuwa, wato fetur ɗin 'yan bumburutu, a bakin hanya, kada a juye maka kai tsaye daga jarka. A zuba a kwalba mai haske, a ajiye ta minti biyu, ka ɗaga ta ka duba gindinta: ruwa yana kwanciya a ƙasa, za ka ga layin da ya raba su, tare da ɗan baƙin gari in akwai datti. Ka ɗiga kaɗan a farar takarda. Fetur tsantsa yana bushewa bai bar komai ba, wanda aka gauraya da kananzir yana barin tabon maiƙo. A tace da ƙyalle a bakin mazurari, kuma kada a zuba na ƙarshen kwalbar. Jarkar fetur a cikin mota tare da fasinja, cikin wannan zafi, kada a yi ta ko kusa.

Damina, hunturu, da dare

Da damina mayo, wato rafin da ke ƙafewa da rani, yakan cika cikin awa guda saboda ruwan da aka yi a kan duwatsu, ko da inda kake ba a yi ko ɗigo ba. Ruwan da ke gudu a kan hanya, in ba ka ga mota irin taka ta ƙetare ba, ka jira ya janye. Ramin da ruwa ya rufe ma ba a san zurfinsa ba. Da hunturu kuwa ƙura da hayaƙin gobarar daji ke rufe ido, musamman a gefen gandun dajin Binuwai. A kunna fitila ko da rana ne, a rage gudu, kada a wuce mota cikin hayaƙi. A wannan yanki birai sukan fito bakin kwalta, kada yara su jefa musu abinci, shi ke sa su saba da tsayawa a tsakiyar hanya.

Dalilin nacewa a kan magariba shi ne abin da dare ke ɓoyewa: shanu masu ƙetarewa, babur marar fitila, amalanke, da tirelar da ta lalace a tsakiyar hanya ba ta da alama sai ganyen da yaron mota ya jera. In ka ga rassan ganye a kan kwalta, ka sassauta nan take, akwai abu a gaba. Zargina ma, masu tare hanya, duhu suke so. Sai barci: bayan azahar, ciki ya cika da tuwo ko shinkafa, ido yakan yi nauyi. A tsaya duk awa biyu, a haɗa tsayuwar da salla, a ci abu marar nauyi. Goro da shayi suna jinkirta barci na ɗan lokaci ne kawai, in hamma ta fara yawa a tsaya a cikin gari a runtsa minti ashirin.

Kafin fita ka gaya wa wani na gida lokacin da kake sa ran isa, ka kira shi daga Mbe da Ngong, ko daga Figil in Marwa ka nufa. Layi yana ɗaukewa a wasu wurare, riƙe MTN da Orange duka biyu ya fi. Lambar jandarmomi 113, 'yan sanda 117. Kuɗi ma kada a bar su duka a waya, mai facin ƙauye tsaba yake karɓa.

Wanda zai zarce arewa da Marwa, ta Mora da Waza da Dabanga zuwa Kusiri, lissafin da ke sama bai shafe shi ba. Hanyar tana da matsalar tsaro tun rikicin Boko Haram, ba a binta sai da rana tsaka-tsaki, bayan an tambayi jami'an tsaro da direbobin tasha halin da ake ciki a ranar. In kuma za a haye gadar Ngeli zuwa Njamena da mota, a tabbatar asurans ɗin yana tare da kart roz, katin inshorar ƙetare iyaka na ƙasashen CEMAC (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya), a kuma tambayi lokacin rufe gadar tun kafin a bar Marwa.