Yadda Ake Karanta Tallan Tsofaffin Jaridun Manila

In kana son sanin rayuwar Filifin a zamanin mulkin mallaka, buɗe shafin talla. Ni can nake fara dubawa.

Duba harshen tukuna. Tallan Sifaniyanci, irin na Diario de Manila, masu hannu da shuni yake nema. Da Amurka ta karɓi ƙasar daga hannun Sifaniya a 1898 sai Turanci ya shigo; Manila Bulletin ma da labaran jiragen ruwa ta fara a 1900. Daga nan ɗauko mujallar Liwayway, wadda ta fito a 1922 da harshen Tagalog, ka ga yadda 'yan kasuwa suka waiwayi talakawa.

Sannan lura da hajar: taba, magunguna, giyar San Miguel. Rubuta farashi da adireshin kowane kanti, musamman na titin Escolta, babban titin kasuwanci na Manila a wancan zamani.