Shawara ga masu son ɗinka wando mai tattara a Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wandon nan mai tattara a gaba, irin wanda iyayenmu suka yi yayi a shekarun 1980 zuwa 1990, ya dawo, samari sun fara gajiya da tsukakken fensir. Ni kam na yi murna, domin a zafin Jidda da gumin da ake sha, wando mai sakin cinya rahama ne, ga sauƙin ruku'u da zaman tahiya.

Amma kafin ka kai yadi wurin tela, ka sani wannan wando a kan ƙugu yake zama, kusa da cibiya. In ka sauke shi ƙasa kamar jins, tattarar za ta buɗe baki, aljihu ya bubbuɗe, gaban ya kumbura ya ɓata maka tsayuwa. Don haka a yi maka awo kana tsaye, kada ka shanye ciki. In an gama ka gwada a shagon: tattarar ta kwanta lumui, ta gangara ta haɗe da karin guga. In ta buɗe, cinyar ta matse, a ƙara.

Mai tumbi ko gajere, tattara ɗaya ta ishe ka, biyu ta fi dacewa da dogaye.

Yadi kuwa, nemi auduga ko ulu mara nauyi, akwai su a shagunan Balad, wato tsohon garin Jidda. Ku guji mai roba da yawa, wallahi yana dafa jiki. Kuma ka cusa rigarka cikin wandon, in ba haka ba aikin telan ya ɓuya.