Darasi na 7: Ƙaramar Motar da Za Ta Tsufa a Hannunka

Wani saurayi ɗan ajinmu na dare, tela ne a Jidda, ya yi shekara huɗu yana zubin adashi. Ranar da ya kwashi rabonsa sai ya nufi gidan kawunsa bayan la'asar, waya a hannu. Kawun nan a kan sitiyari ya yi furfura. Tsakanin Jidda da Makka babu kwanar da bai sani ba.

"Kawu, dubi wannan. A Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, na gan ta. Silinda shida, kujerun fata, ga rufin gilashi. Mai ita ya ce tafiya ce ta kama shi, shi ya sa ya karya kuɗin."

Kawu ya karɓi wayar, ya ɗan nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"Kyan ɗan maciji ke nan. Lita ɗaya kilomita nawa take kai ka?"

"Ban tambaya ba, Kawu."

"In kwamfiresan mukayyif ɗinta, na'urar sanyaya cikin mota, ya mutu a watan Yuli, ina za ka samo wani?"

Yaro ya yi shiru.

"To, mayar da kuɗinka aljihu, ɗana. Gobe mu je Sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, ka ga irin motocin da ke kwana a gareji, sannan mu yi zancen saye."

Tambayoyin nan biyu na Kawu su ne darasinmu na yau. Kuɗin sayen mota rana ɗaya ake biyan sa. Kuɗin riƙe ta kuwa kowane mako sai ka taɓa aljihu, har ranar da kuka rabu.

Mu fara da lissafin mai

Manyanmu da suka daɗe a ƙasar nan ta Saudiyya sun san lokacin da litar fetur mai lamba 91, wato nau'in da ya fi araha, take halala 45 (halala ɗari ke yin riyal ɗaya). Gorar ruwan sha ma ta fi ta tsada, don haka babu mai tambayar shan man mota. A ƙarshen 2015 lita ta koma halala 75. A farkon 2018 ta kai riyal 1.37. A watan Yulin 2021 gwamnati ta tsayar da farashin a kan riyal 2.18 ga mai lamba 91, da riyal 2.33 ga mai lamba 95. Wanda ke sayen mota da tunanin zamanin halala 45, aljihunsa ne zai faɗa masa gaskiya.

Ɗauko biro mu gwada. A ce kana yin kilomita 60 kullum, zuwa aiki, kai yara makaranta, da cefane. A kwana 30 ka yi kilomita 1,800. Motar da ke yin kilomita 18 da lita ɗaya za ta sha lita 100 a wata, wato riyal 218. Wadda ke yin kilomita 9 kacal da lita za ta sha lita 200, wato riyal 436. Bambancin riyal 218 ne kowane wata. A shekara ya zama riyal 2,616. A shekara biyar ya zama riyal 13,080. Sake karanta wannan adadi da ƙarfi. Kuɗin da zai yi wa mutum hidimar gida mai yawa ne, ya bi salansa ya fita hayaƙi.

Sabuwar mota a wurin masu sayarwa tana ɗauke da takarda a manne a gilashinta, wadda hukumar ingancin kaya ta Saudiyya, SASO, ta wajabta. A jikinta an rubuta kilomita nawa motar ke yi da lita ɗaya, kuma akwai launuka daga kore zuwa ja. Ko karatun Larabcinka bai yi nisa ba, launin ya ishe ka: kore mai tsimin mai, ja mai zuƙe shi. Sai dai ka sani, adadin da ke takardar a wurin gwaji aka same shi. A cunkoson Jidda, mukayyif na aiki tun safe, ba za ka kai shi ba.

Motar hannu kuwa kai za ka auna ta da kanka. Cika tanki har famfo ya tsaya. Rubuta lambar da ke kan addad, wato agogon da ke ƙirga kilomita. Yi zirga-zirgarka ta kwana uku ko huɗu, ka koma ka sake cikawa. Raba kilomitan da ka yi da litar da ta shiga a karo na biyu. In ka yi kilomita 300 ta sha lita 20, to lita ɗaya kilomita 15 ke nan. In motar ɗan'uwa ce ko ta aboki irin wadda kake so, roƙe shi ku yi wannan gwaji tare kafin ka sayi irinta.

A gidan mai, koren famfo na 91 ne, ja na 95. Buɗe murfin tanki ko littafin motar ka ga wanda aka rubuta mata. Yawancin ƙananan motoci 91 ya ishe su, zuba musu 95 ƙarin kuɗi ne kawai.

Motar da kowane bakanike ya sani

Washegari Kawu ya zaga da yaron cikin Sina'iyya. Bai yi dogon bayani ba. Ya nuna masa wata dalleliyar mota an ɗaga ta a kan jak, ƙura ta rufe gilashinta har yara sun yi rubutu da yatsa. Bakaniken ya ce wata biyu ke nan tana jiran wani ɗan ƙarfe da aka yi odarsa daga waje. A gefenta ga wata tsohuwar Corolla, fentinta ya ƙone da rana. Da safe aka kawo ta, kafin azahar mai ita ya tuƙa abarsa.

Wannan shi ne abin da nake so ya zauna muku. Duk mota tana lalacewa. Abin dubawa shi ne kwana nawa za ta yi a kwance, kuma nawa za ta ci kafin ta tashi. Toyota ta fara ƙera Corolla tun 1966, kuma kamfanin Abdul Latif Jameel yana kawo motocin Toyota ƙasar nan tun 1955. Shi ya sa kayan gyaran Corolla da Yaris suke ko'ina, sababbi a shaguna, tsofaffi a tashlih, wato filin da ake farke matattun motoci a sayar da sassansu. Hyundai Accent da Elantra da Nissan Sunny su ma sun cika titi, kayansu ba sa wahalar samu. Ka tsaya a bakin titi ka lura da motocin da masu haya da masu kai saƙo suke hawa. Mutanen nan da mota suke ci, ba sa riƙe wadda za ta kwantar da su.

Ni a ganina, mai son riƙe mota shekara takwas ko goma ya nemi injin silinda huɗu, mai girman lita 1.3 zuwa 1.6, wanda ba shi da tarkace da yawa. Kowane maɓalli na ƙawa, da kujera mai motsi da lantarki, da rufin gilashi, wata ƙofar kashe kuɗi ce nan gaba. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Toyota ta hannu takan yi tsada, har mutum ya ji haushi. Amma tsadar nan ita za ka tarar ranar da kai ma ka tashi sayarwa. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Tambayi mai mota: "Khaliji ce ko warid?" Khaliji ita ce wadda aka ƙera don ƙasashen yankin nan masu zafi, ta shigo ta hannun wakilin kamfani. Warid ita ce wadda wani ya shigo da ita daga waje, galibi daga Amurka. Wasu daga cikin irin waɗannan sun yi hatsari a can aka gyara aka kawo. Mai kuɗi kaɗan ya tsaya a kan khaliji.

Maganar giya kuma: mai canza kanta ta fi daɗi a cunkoso, kuma ita ce ta fi yawa yanzu. Ƙananan motoci da dama suna da irin da ake kira CVT. Tana tsimin mai, amma ba ta son a yi wasa da man giyarta, kuma gyaranta da tsada. In motar hannu ce, nemi shaidar cewa an canza man a kan lokaci.

Ranar dubawa

Kada ka duba mota da dare, kada ka je kai kaɗai. Na taɓa yin wannan kuskure. Wani dillali ya nuna mini mota bayan isha'i a ƙarƙashin fitilar titi, tana sheƙi, cikinta na tashin turare. Na biya. Bayan mako biyu turaren ya gushe, sai wani wari kamar na tsohuwar rijiya ya taso. Da na ɗaga shimfiɗar ƙasa sai ga busasshen laka, kusoshin kujera duk sun yi tsatsa. Ruwa ya taɓa cinye ta. Daga nan yau fitila ta ƙi kamawa, gobe gilashi ya ƙi sauka, har na sayar da ita da asara.

Mu mazauna Jidda dole mu kula da wannan. Ambaliyar Nuwamban 2009 da ta Janairun 2011 da ruwan Nuwamban 2022 sun nutsar da motoci masu yawa, kuma ba dukkansu ne suka tafi tashlih ba. Ɗaga shimfiɗa. Leƙa ƙarƙashin kujera da fitilar wayarka. Jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai shatin ruwa. Buɗe but ka ɗaga tayar safaya ka sunsuna. Turare mai yawa a cikin motar sayarwa ya isa ya sa ka tsargu.

Ka ce a bar injin ya kwana bai tashi ba, kai za ka tayar da shi. Injin da ya yi sanyi ba ya ɓoye ciwonsa. Dubi hayaƙi: shuɗi alamar yana ƙona baƙin mai ne. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu fari-fari kamar kindirmo a jikinsa, wataƙila ruwa na haɗuwa da mai, ka yi sallama da mai motar.

Sai babban gwaji na ƙasar nan. Da tsakar rana, kunna mukayyif har ƙarshe, ka bar motar a tsaye tana aiki kamar minti ashirin. Zuba wa allurar zafi ido. In ta fara hawa, ko sanyin ya ragu da zarar mota ta tsaya, to lagireto ko fanka ko kwamfiresa na da magana. Motar da ta kasa wannan a tsaye, yaya za ta yi da kilomita fiye da 400 na hanyar Madina?

Durƙusa ka karanta taya. A gefenta akwai lambobi huɗu a jere. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2322, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. Zafin kwalta yana busar da roba, tsohuwar taya kan fashe ko da zanenta bai cinye ba. In duka huɗun sun tsufa, cire kuɗinsu daga ciniki.

Bayan idonka, sai na masana. Akwai wuraren da ake biya a ɗaga mota a duba shasi, wato ƙashin jikinta, da fenti da injin, a jona mata kwamfuta. Kai za ka zaɓi wurin, ba mai sayarwa ba. Akwai kuma rahoton Mojaz, wanda ke nuna tarihin mota: hannu nawa ta bi, hatsarin da aka rubuta mata, da karatun addad na baya. Da shi ake kama wanda ya mayar da addad baya. In mai mota ya ce shi ba ya son a kai ta dubawa, ya riga ya ba ka amsa.

Takardu

Kalmomi huɗu za ka riƙe. Istimara ita ce takardar rajistar mota, ana sabunta ta duk shekara uku. Fahas shi ne binciken lafiyar mota na hukuma, sau ɗaya a shekara, amma sabuwar motar gida sai ta cika shekara uku take fara zuwa. Ta'min shi ne inshora, akwai mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani kaɗai, akwai shamil mai haɗawa da taka motar. Mukhalafa ita ce tarar laifin hanya, irin wadda kyamarorin Saher ke aikowa ta waya.

Ana mayar da mallakar mota ta manhajar gwamnati mai suna Absher ko ta wurin dillancin da ke da lasisi. Sai istimara da fahas suna da rai, kai kuma kana da inshora da sunanka. Gwada lambar shasi da ke jikin mota da wadda ke cikin istimara, harafi bayan harafi. Kada ka miƙa kuɗi a kan alkawarin "gobe za mu juya suna". Kada kuma ka yarda a bar motarka da sunan wani, ko ta wani da sunanka, komai kusancinku. Zumunci da yawa ya ɓaci a kan tarar da wani ya jawo wani ya biya.

Telan nan namu daga ƙarshe Yaris ya saya, ta hannu, fara, mai kujerun yadi. Ya ce mini ranar farko bai ko ɗauki hotonta ba.

Aikin gida

Wata mota ta yi kilomita 420 da lita 28. Lita ɗaya kilomita nawa ke nan? In lita riyal 2.18 ce, nawa aka kashe a tafiyar? Bayan haka ka fita ka sami motar wani maƙwabci, ka nemi izininsa, ka kwafo lambobi huɗun da ke jikin kowace taya a littafinka. Ka zo da su aji mako mai zuwa, za mu karanta shekarunsu tare a kan allo.