Yadda za ka zaɓi malamin bincike, kada damina ta wuce ka

Kusan kowace shekara sai wani ɗalibi ya tare ni a Samaru, Zariya, ya ce yana son yin bincike a kan ciwon daji. Nakan tambaye shi: wane iri, a jikin wa, da wace na'ura? Sai ya hau sosa ƙeya.

Ka fara neman malami tukuna, taken bincike zai biyo baya. Shiga Google Scholar, shafin intanet na neman maƙalun bincike, ka sa sunayen malaman sashenku, ka karanta maƙalu uku na baya-bayan nan da kowanne ya wallafa. A nan za ka gane inda zuciyarsa take. Marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello ya shafe shekaru yana bin ƙwayar cutar sammore, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, har ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009. Malami irin wannan, in ka zo masa da tambayar da ta shafi fagensa, har sinadaran da ya saya da kuɗin tallafinsa zai buɗe maka.

Ranar da za ka je ofishinsa, ka riƙe shafi ɗaya tak. Ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka tambaya: "Ranka ya daɗe, na'urar PCR tana aiki kuwa?" Wato na'urar da ake ninka ƙwayoyin halitta (DNA) da ita don a bincika su. Kada ka ji nauyi. Aikin da ba kayan yin sa a ƙasa, a takarda zai ƙare.

Sai maganar da ta taɓa ƙona ni. Muddin za ka ɗebi jinin mutane, misali a asibitin koyarwa na Shika, dole sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, kuma kowane majinyaci ya ba da yardarsa. Takardar yardar nan ka fassara ta da Hausa mai sauƙi, wadda tsohuwa daga Giwa za ta gane in an karanta mata. Ni a kan zazzaɓin cizon sauro na yi nawa, amma na yi sakaci ban miƙa takarduna ba sai cikin Agusta. Kafin izini ya fito hunturu ya kama, sauro ya ja baya, masu zazzaɓin sai ɗaiɗai. Haka na zauna jiran wata daminar.

Jinin da ka tara kuwa, raba shi biyu ka ajiye a firiza daban-daban, don wuta ba ta sallama in za ta tafi. Lambar kowace kwalba ka rubuta ta da alƙalamin da sanyi ba ya gogewa, ka kuma kwafe a littafinka tun kafin ka cire safar hannu.